Tayoyin Anti Kemis

Motar Anti Kemis muka tarar zaune a kan bulo huɗu, babu ƙafa ko ɗaya. Safiyar Talata ce, an kwana ana ruwa, filin da ke bayan shagunanmu inda 'yan layi ke ajiye motoci duk ya yi laka. Kafin in iso har an cika, kowa yana faɗin albarkacin bakinsa yana tattake wurin.

Ni ne mai shagon taya a layin, don haka in ka cire mai motar, babu wanda abin ya taɓa kamar ni. Anti Kemis, mai shagon magani a kusurwa, ba ta damu da gwal ba, motarta ce gwal ɗinta. Watan jiya ta sayo sababbin rim na alminiyon, inci sha bakwai, masu ɗaukar ido, ta zo neman tayar da za ta dace da su. Sati uku muka yi a kan zaɓen nan, wallahi ko miji ban ga an zaɓa da irin wannan tsanaki ba. Na nuna mata mai taurin roba da ke daɗewa, ta ce tana ƙara a kan kwalta. Na nuna mata mai siririn gefe ƙwarai, ta ce ramin farko zai fasa mata rim. Muka auna tsayi don kada sabuwar ƙafar ta fi tsohuwar, agogon gudu ya riƙa yi mata ƙarya. Har shekarar da aka yi kowace ɗaya sai da ta sa na karanta mata.

A ƙarshe ta tsaya a kan mai taushi, mai riƙe hanya in an yi ruwa, wadda zanenta ya yi tsini kamar kan kibiya. Irin wannan gefe ɗaya take juyawa, da zarar an ɗaura ta a rim, ta dama ta dama ce, ta hagu ta hagu ce. Duk zaman nan mahaifinta, Baba Direba, wanda ya shekara arba'in yana tuƙin motar ma'aikata kafin ya yi ritaya, yakan rako ta ya zauna a bencina yana kallonmu. Kwana shida kacal tayoyin suka yi a motar.

"Wannan aikin gwani ne," in ji Mai Walda, shugaban layinmu, mutumin da ko gaisuwa zai yi sai ka ɗauka taro yake buɗewa. "Ku dubi yadda aka ɗora katako a kan kowane bulo don kada motar ta kurje. Ɓarawon titi ba ya wannan ladabin."

Ba wanda ya ambaci suna, amma idanu duk suka koma kan Mai Faci. Shekararsa sha tara a gindin bishiyar da ke ƙofar shagona. Ni in sayar, shi ya ɗaura, haka muke. Shi ya ɗaura waɗannan tayoyin, yana da makullin filin saboda a nan injin iskarsa ke kwana, kuma notocin rim ɗin ba sa kwancewa sai da wani kan sifana na musamman da ke cikin akwatinsa.

"Ga sawu can ya nufi ƙofar baya," wani ya ce.

Mai Walda ya ja ni zuwa wurin. "Kai ka san kayanka. Me ka gani?"

Na durƙusa na duba. Zanen tayoyinta ne, ba shakka. A irin wannan taya tsinin ne ke fara taɓa ƙasa, saboda haka a sawu yana nuna inda mota ta fito. Tsinin nan kuwa waje yake kallo.

"Sawun shigowa ne," na ce da ƙarfin gwiwata. "Na jiya da yamma."

"To kun ji," in ji Mai Walda. "Babu motar da ta fita da su. A hannu aka ɗauka, kuma mai ɗauka a hannu ba ya nisa."

Aka birkice kayan Mai Faci kaf, ba a sami komai ba, amma hakan bai wanke shi ba. Mai Walda ya yanke cewa in la'asar ta yi tayoyi ba su fito ba, za a kira 'yan sanda, kuma ko sun sake shi ya gama zama a layin nan. Mai Faci bai yi rantsuwa ba, bai ɗaga murya ba. Ni ya kalla. Ni kuwa na tsura wa takalmina ido kamar yau na fara ganinsa, domin a gaskiya zuciyata ta ɗan yi rawa a kansa.

*

Kunya ce ta kai ni wurin Kawu. Ƙanen mahaifiyata ne, tsohon ma'aikacin gandun daji, ya shekara talatin yana bin sawun dabbobi da na masu harbinsu. Yanzu dashen itatuwa yake sayarwa a bakin hanya. Bai taɓa mallakar mota ba, ko keke sai an roƙe shi yake hawa.

"Mutum nawa suka taka wurin?" ya tambaye ni yana wanke hannu.

"Kamar hamsin."

"Garken shanu ya fi ku hankali," ya ce, ya ɗauki sandarsa.

Da muka iso bai ko kalli motar ba. Ya nemi Maigadin filin, ya zauna kusa da shi kamar hira ta kawo shi.

"Yaushe ruwa ya ɗauke?"

"Dab da asuba, Malam."

"Kai kuma yaushe ka tafi?"

"Yana ɗaukewa na tafi, kullum haka nake, kowa ya sani. Na haska motar ma, da ƙafafunta."

"Wa ke da makulli?"

"Duk mai ajiye mota a nan, da Mai Faci."

"Wato rabin layi," in ji Kawu.

Daga nan muka je wurin Ɗan Tasi, domin mutum uku sun raɗa mini cewa sun ji shi yana cewa da za a ba shi aron tayoyin nan rana ɗaya, da ya auri wadda yake so. Muka same shi yana goge gilashi, ya ga sandar Kawu ya fara rantsuwa tun ba a tambaye shi ba.

"Baba, wasa nake yi! Wa bai yaba su ba?"

Kawu ya sunkuya ya ƙirga notocin ƙafarsa da bakin sanda. "Huɗu. Na Anti fa, ɗan nan?"

"Biyar," na ce.

"To ko kyauta aka ba shi sai dai ya yi kujera da su. Goge gilashinka."

Muna dawowa ya tsinci sawun baro mai nauyi, ya fito daga filin ya bi bayan shaguna. Ta nan kuwa ake zuwa rumfar Mai Faci. Amma sawun ya wuce rumfar, ya wuce shagona, ya je ya tsaya cak a ƙofar Mai Walda. Jama'ar da ke biye da mu duk suka juyo suna kallonsa.

"Tukunyar gas na turo!" in ji Mai Walda, muryarsa har ta sirance. "Ga ta nan! Haba jama'a, ni?"

Kawu ya duba tukunyar, ya duba zurfin sawun, ya ce haka ne. "Amma ka ji yadda abin yake, ko?" Na ji daɗin wannan fiye da yadda ya kamata.

*

Sai bayan azahar ya je ƙofar baya. Ya daɗe a tsugune, ya bi sawun har cikin lungu, ya dawo.

"Motar da ta fita da su ta nan ta bi."

"A'a Kawu, wannan shigowa ce. Zanen ya nuna."

"Ni ban san zanenku ba. Ka ga ciyawar nan? Waje ta kwanta. Ka ga kududdufin can? Lakar da taya ta ɗebo daga cikinsa a gefen lungu ta zube, ba a gefen fili ba. Kuma ɗigon ruwan sama ko ɗaya bai faɗa cikin sawun ba, bayan ruwa aka yi shi."

"To da baya-baya ta fita."

"Har ƙarshen lungu da kwana biyu? Je ka tambayi mai motar ta ina ta shigo jiya."

Na je na tambaya. Anti Kemis, wadda idanunta suka yi ja don takaici, ta ce ta ƙofar gaba, ita ba ta taɓa bin lungun nan ba saboda ƙusoshi. Na dawo na faɗa wa Kawu. Ni da bakina na ce sawun shigowa ne, maganata ce ta rataya wa Mai Faci igiya a wuya.

"Kada ka tsaya zargin kanka, ban gama da kai ba," in ji Kawu. "Ƙasa ba ta yi mini ƙarya ba, kai ma zanenka bai yi maka ba. Yaya za a yi mu duka mu yi gaskiya?"

Sai abin ya faɗo mini. "In an ɗaura ta dama a hagu."

"Mai Faci zai yi haka?"

"Ko a mafarki. Shi da yake zagin masu yi."

Ya ja ni zuwa kwanar farko, inda sawun ƙafafun gaba da na baya suka rabu, huɗun suka fito ɗaya-ɗaya. Ya ce in karanta masa kowanne. Na farko a juye, na biyu a juye, na uku da na huɗu ma haka.

"Mai sauri yana kuskure ɗaya ko biyu," ya ce. "Huɗu cif ba kuskure ba ne, koyarwa ce. Wani ya koya masa haka, kuma ya riƙe. A sana'arku wa ke yin wannan?"

Na buɗe baki, na rufe. Kawu ya dube ni ya yi murmushi.

"Kada ka faɗa. Samo mini alli da tsofaffin tayoyi huɗu, ka tara mini mutane."

*

Aka taru a ƙofar shagona saura kaɗan la'asar. Mai Walda ya kawo kujerarsa da kansa. Anti Kemis ta rufe shago ta zo, Baba Direba yana kan bencin da ya saba zama, ya sa wankakkun kaya, ya haɗe hannu a kan gwiwa. Mai Faci yana tsaye a gindin bishiyarsa, ya riga ya ɗaure kayan aikinsa a buhu, abin da ya sa na kasa haɗa ido da shi.

Kawu ya zana motoci biyu a kan siminti, ya ajiye taya a kowace kusurwar ta farko.

"Ni baƙauye ne, ban san mota ba," ya ce. "Ina so a nuna mini yadda ake cire ƙafafun wannan a mayar wa waccan. Mai Faci, bismilla."

Mai Faci ya ɗaga taya ɗaya, ya jujjuya ta yana duba gefenta. "Wannan ba ta da kibiya. In da tana da ita, kibiyar zan bi." Ya ajiye ya koma wurinsa.

"Ɗan Tasi."

Ɗan Tasi ya zo yana dariyar tsoro. Ya ɗauki ta gaba dama ya kai gaba dama, ya ɗauki ta baya dama ya kai baya dama. Kawu ya ce ya sake, a hankali, bai gane ba. Ya sake. Na saci kallon benci, na ga ƙafar Baba Direba tana motsi. Da Ɗan Tasi ya fara a karo na uku, tsohon ya kasa daurewa.

"Kai, wa ya koya maka tuƙi?" ya daka masa tsawa. "Ba a mayar da taya gefen da ta fito! Gicciye ake yi, ta gaba dama ta koma baya hagu, don su ci daidai! Yaran yanzu ba abin da..."

Maganar ta mutu a bakinsa. Kawu ya jingina da sandarsa kawai.

Anti Kemis ta juyo a hankali. "Baba, kan sifana na biyu da ke cikin durowar falo, yana nan?"

Tsohon ya sa hannu a aljihu, ya ciro shi, ya ajiye a kan benci.

"Ba sata na yi ba, Uwata," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Jibi za ki ɗebi jikokina ku yi tafiyar awa biyar a cikin damina, a kan wannan abu mai kaurin yatsa biyu. Na ce sai na gwada su da hannuna. Makullin motarki kin hana ni tun da likitan ido ya yi maganarsa, sai na fito da tawa tsohuwar da ke nan cikin filin daga ƙarƙashin tamfol, na ɗaura mata su. Na ce kafin ki fito na mayar."

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Sati uku ina zaune a bencin nan. Kin tambayi mai shago, kin tambayi Mai Faci, kin tambayi wayarki. Ni da na ɗora ki a cinya na koya miki riƙe sitiyari, ko sau ɗaya ba ki juyo ba."

Anti Kemis ta je ta zauna kusa da shi.

"Ina motar, Baba?" in ji Kawu.

"Tana cikin kwalbati bayan gada. Na sha kwana a kan ruwa, ta kwashe da ni kamar an shafa wa titi sabulu. A ƙafa na dawo." Ya ɗago ya harare ni. "Tayoyin banza ka sayar mata, na gwada na gani."

"Baba, a juye ka ɗaura su," na ce da ladabi. "Zanen nan watsar da ruwa waje yake yi. In an juya shi, tara ruwan yake a ƙarƙashinta."

"Shekara arba'in ban taɓa ganin taya mai dama da hagu ba. Takalmi ce?"

Dariya ta ɓarke, har Anti Kemis da ke share hawaye, tana shafa kafaɗarsa tana tambaya ko ya ji ciwo. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Baba Direba ya lura, ya miƙe da ƙyar, ya taka har gindin bishiya, ya cire hularsa a gaban Mai Faci, duk da cewa a haife tsohon ya haife shi.

"Na zo da safe in faɗa, na tarar an taru a kanka. Kunya ta ɗaure mini baki, ina ta cewa yanzu zan yi magana har rana ta karkata. Wannan ya fi faɗawa kwalbati muni. Ka yafe mini."

"Mayar da hularka, Baba," in ji Mai Faci. "Na yafe. Mu je mu ciro motar kafin a sace tayoyin da gaske."

Rim ɗaya ne kawai ya kurje a gefe. Da aka dawo, Mai Faci ya kwance buhunsa, ya kama yatsan tsohon ya ɗora a kan 'yar kibiyar da ke gefen tayar, sannan ya miƙa masa sifana ya ce Baban ne zai ɗaure. Kafin magariba Anti Kemis ta zaga da mahaifinta a kujerar gaba, ta bi ta kwanar gadar har sau biyu. Da suka dawo ya ce ba laifi, amma tana saurin taka birki. Kawu kuwa ya ƙi karɓar komai, ya dai tafi da tsofaffin tayoyina huɗu wai zai shuka lemo a ciki.

*

Washegari na fito na tarar da layi a gindin bishiya. Mai Walda ne a gaba da baronsa, wai ƙafar ta yi sanyi. Ɗan Tasi ya kawo sifaya, Maigadi ya jawo kekensa, har mai ɗinki ta turo keken ɗanta. Babu wanda ya ce "yi haƙuri", a layinmu kalmar tana da nauyi a baki. Mai Faci yana karɓa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora ma'auni, ya ce, "Ƙalau take," ya ɗan fesa iska don kada mutum ya tafi da kunya.

Na jira har aka watse. Sannan na shiga shago na ɗauko wata taya, na gangaro da ita gabansa. Ya dube ta, ya dube ni.

"Mai shagon taya ne da kansa ya kawo a duba masa iska? Ko rim babu a jikinta."

"Kuskuren karanta sawun nan..." na fara.

"Ba shi ba ne," ya katse ni. "Kowa yana kuskure a aikinsa. Su ma waɗancan ban riƙe su ba, ba su san ni ba sai in tayarsu ta sace. Kai ne na kalla jiya. Shekara sha tara muna cin abinci a kwano ɗaya, kalma ɗaya nake jira, ka ce 'ba halinsa ba ne'. Ko da ba su yarda ba."

Ban kare kaina ba, domin babu abin karewa. Na ce masa na yi zarginsa na ɗan lokaci, kuma abin ya hana ni sakewa tun jiya. Na tsaya riƙe da tayata kamar wawa, shi kuma yana ta goge sifana ɗaya da ta riga ta fita tas.

Can ya matsa gefe a kan bencinsa, ya buga tafin hannu a wurin da ya bari.

"Zauna, ka tsaya mini a kai," ya ce. "Gobe in aka ce kai ne, ni zan yi magana. Ka ji yadda ake yi."